Fargabar ɗaliban likitanci: halin karatun ne ko ciwo ne?

Bintu_Aji3
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, musamman ga yayyenmu da suka riga suka fita. Ina aji uku, babbar jarrabawarmu ta farko ta ƙarato, wato anatomi (ilimin sassan jiki) da fiziyoloji (yadda jiki ke aiki) da bayokemistiri (sinadaran jiki). Tun farkon zangon nan barci ya ƙaurace min. Sai dare ya raba nake kwanciya, amma kafin kiran assalatu gabana ya faɗi na farka, zuciyata na dukan uku-uku. In na buɗe littafi sai in yi ta maimaita shafi ɗaya ba abin da ya zauna. Abinci ma da ƙyar yake shiga. Kuma ba ni kaɗai ba ce, a ɗakinmu akwai mai yin amai duk safiyar da za a yi gwaji. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce haka karatun yake. Tambayata biyu ce. A ina ake raba fargabar jarrabawa da kowa ke yi da wadda ta zama ciwo? In kuma ciwo ce, wa za mu gani, tunda likitocin da za su duba mu yau su ne za su zauna mana a jarrabawa gobe?

Dakta_Tsohon_Hannu
Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, duk wanda kika ga yana rataye da abin awon ƙirji ta nan ya bi. Mu a zamaninmu babu wayar hannu, babu bidiyon darasi, littafi ɗaya mutane da yawa ke karɓa-karɓa a laburare, kuma mun rame mun yi baƙi kafin wannan jarrabawar. Da aka kafe sakamako komai ya wuce. Wannan tsoron shi ne ke hana ɗalibi wasa. Ina jiye wa yaran yanzu saurin sa wa kowane abu sunan cuta. Ki tsara lokacinki, ki shiga rukunin karatu, ki riƙe sallah.

Ummu_Hanif
Allah ya yaye miki ƙanwata. Ki lazimci addu'ar nan da ta zo a Bukhari safe da yamma: Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan. Ni ita na riƙe lokacin da nake makarantar ungozoma.

Likitan_Kwakwalwa_KN
Da izinin Baba @Dakta_Tsohon_Hannu zan ɗan saɓa masa. Ina samun horon ƙwarewa ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma wannan tambayar tana da amsa. Gaskiya ne tsoro daidai gwargwado yana zaburar da mutum. Amma tsoron da ke da amfani shi ne wanda zai sa ki tashi ki yi karatu. Wanda ya hana ki barci, ya hana ki ci, ya hana abin da kika karanta zama, ya daina yi miki aiki, ya koma yi miki ɓarna. Abubuwa uku muke dubawa: tsawon lokacin da ya ɗauka, ko mutum na iya tsayar da tunanin in ya so, da kuma ko ya taɓa harkokinsa na yau da kullum. In an shafe wata shida ana haka a mafi yawan ranaku, kuma ba kan jarrabawa kaɗai ba, har kan gida da lafiya da kuɗi, to ana maganar ciwon fargaba mai game komai. Amma ba sai an jira wata shidan ba kafin a nemi taimako.

Akwai takardar tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7, kyauta ce a intanet. Tana tambayar yadda kika kasance a mako biyun da suka wuce, kowace tambaya maki 0 zuwa 3, jimla 21. Wanda ya kai 10 ya kamata likita ya zauna da shi. Ba ita ke yanke hukunci ba, tana nuna ne kawai cewa a bincika. Kuma binciken ya haɗa da jiki, domin ƙarancin jini da yawan aikin tayirod (wata halitta a wuya mai sakin sinadari cikin jini) duk suna kawo bugun zuciya da rama da rashin barci.

Maganar cewa yaran yanzu ne, a 2019 an haɗa sakamakon bincike 69 daga ƙasashe daban-daban, ɗalibai sama da 40,000, aka samu kashi 33.8 cikin ɗari na ɗaliban likitanci suna da fargaba a matakin da ya wuce na al'ada. Ɗaya cikin uku ke nan. Ba ragwancin wani aji ko wata ƙasa ba ne.

Sadiq_Aji5
Allah ya saka Dakta. Ni abin da nake son a duba shi ne inda tsoron ke fitowa, don ba daga sama yake faɗowa ba. A sauran sassan jami'a in ka faɗi kwas ɗaya sai ka ɗauke shi zuwa baɗi, ka ci gaba da 'yan ajinka. Mu ba haka ba ne. Makin ci 50 ne. A makarantarmu in ka zaɓi amsar da ba daidai ba a tambayoyin canki-canka cire maka maki ake yi. Karatun kusan shekara ɗaya da rabi a 'yan kwanaki ake auna shi. Ka faɗi darasi ɗaya, ka sake zama bayan 'yan watanni. Ka sake faɗi, ka maimaita aji. Ka ƙara, a sallame ka. A ajin asibiti kuma ko ka cinye rubutacciya, in ka faɗi a gaban gadon mara lafiya ka faɗi duka. To wane mai hankali ne ba zai ji tsoro ba?

Ga kuma yajin aiki. A 2020 an rufe jami'o'i wajen wata tara, a 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Karatun shekara shida ya koma takwas ga wasunmu. Da aka dawo sai aka matse zango don a cike giɓi, abin da ake koyarwa a wata uku aka ɗura mana a 'yan makonni. Abokanka na sakandare sun gama bautar ƙasa, wasu sun yi aure, kai kana nan kana lissafin ko za a bar ka ka ƙarasa. Shi ya sa in aka ce min "tsara lokacinka" nake jin kamar an ɗora wa ɗalibi laifin duka.

Dakta_Tsohon_Hannu
Sadiq, ɗana, ran mutane za a damƙa muku. Wanda bai san inda jijiya ta bi ba zai yanke ta a ɗakin tiyata, kuma babu sake zama a nan. Maki 50 ba zalunci ba ne. In ka sassauta jarrabawa don kada ɗalibi ya ji tsoro, talakan da ke kwance a gado shi zai biya.

Sadiq_Aji5
Baba, ban ce a rage maki ba. Cewa na yi a rarraba awon a tsawon shekara, kuma a daina tozarta mutum. Tsanani daban, wulaƙanci daban.

Sista_Hajara
Nan ne zan sa baki, don ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina tsaye a gefe lokacin zagayen marasa lafiya. Na sha ganin babban likita ya jefa wa ɗalibi tambaya, yaro ya fara amsawa daidai, sai a daka masa tsawa don ya yi in'ina, a ce wa ya ba ka gurbin karatu, ka koma ƙauyenku ka yi noma. A gaban mara lafiya da 'yan jinya da 'yan ajinsa. Washegari wannan yaron can baya zai laɓe, ba zai sake buɗe baki ba. Akwai wata yarinya da na tarar a ɗakin ajiyar kayanmu tana kuka hannunta na rawa, ta ce tun asuba cikinta ke murɗawa duk ranar da wannan rukunin ke da zagaye. Abin da ya fi damuna, yaron da aka koya wa tsoron tambaya shi ne zai zama ƙaramin likitan da zai ji tsoron kiran na sama da shi da tsakar dare alhali mara lafiya na taɓarɓarewa. Mu da ke kwana a ɗakin mun san haka na faruwa. Akwai kuma manyan da ke koyarwa da mutunci, kuma ɗalibansu ba su fi na kowa rauni ba.

Mubarak_UD
Anti Hajara kin faɗi abin da ke raina. Ni ranar zagaye ko karin kumallo ba na iya yi.

Baban_Salma
Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, 'yata ce ke aji huɗu shi ya sa aka sa ni a zauren nan. Ina karanta maganganunku jikina ya yi sanyi. Mu iyaye tun ranar da sunan yaro ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka, shi ke nan ya zama Dakta. Kakarta Dakta take ce mata, a unguwa Dakta, in ta zo hutu maƙwabta na kawo mata takardun asibiti ta duba. Mu a wurinmu alfahari ne da addu'a. Amma yanzu ina tunanin yadda yarinyar da gari duka ke kira Dakta za ta iya buɗe baki ta ce Baba na faɗi. Ina tambayar ɗaliban nan tsakani da Allah: me kuke so mu riƙa ce muku in mun kira waya?

Zee_Aji4
Baba Allah ya ƙara girma. Ku riƙa tambayarmu ko mun ci abinci, ko muna samun barci. Kuma ko sau ɗaya ku ce mana in ma an sake zama ba komai, kuna tare da mu. Wallahi rabin tsorona ba na jarrabawar ba ne, na kiran gida ne bayan sakamako.

Wanda_Ya_Sauya_Hanya
Zan yi magana a matsayin wanda abin da kuke tsoro ya faru da shi. An sallame ni bayan wannan jarrabawar da Bintu ke shirin shiga. Na san karatun, abokaina ni nake yi wa bita, amma da na shiga gwajin nan na ɗakin gawa da ake buga ƙararrawa kana matsawa daga tebur zuwa tebur, sai kaina ya ɗauke ɗif. Ina ganin allurar da aka soka a tsoka, na san sunanta jiya, amma babu. Haka a ta baka. Na daɗe ban faɗa a gida ba, kullum in saka farar riga in fita. Wannan ɓoyon ya fi faɗuwar cin rai. Daga baya aka mayar da ni wani sashe na kimiyyar lafiya, na gama, yau ina aiki ina riƙe da iyalina. Sai bayan shekaru na ga likita aka ce min ciwon fargaba ne, kuma yana da magani. A lokacin babu wanda ya taɓa tambayata me ya sa ɗalibin da ke cin gwajin aji yake rushewa a babbar jarrabawa. Kawai an kafe suna ne a allo. Bintu, kada ki jira sakamako ya gaya miki. Kuma ga masu jin cewa in an sallame su rayuwa ta ƙare, ga ni nan, ba ta ƙare ba.

Ummu_Hanif
Allah sarki. Allah ya sa haka ne mafi alheri ɗan'uwa.

Anas_Hostel_B
Ni dai shawara a taƙaice, propranolol kafin jarrabawar baka. Rawar hannu da bugun zuciya duk za su tsaya. Rabin ajinmu shi suke sha.

Famasis_Gombe
Malam Anas don Allah a daina raba irin wannan shawarar a zaure. Propranolol na rage bugun zuciya da rawar hannu, gaskiya ne, kuma likitoci kan rubuta shi don haka. Amma mai asma in ya sha zai iya shaƙe masa numfashi har ta kai ga halaka, mai ƙarancin hawan jini kuma zai iya yanke jiki ya faɗi a layin shiga jarrabawa. Sannan alamun waje kawai yake rufewa, tunanin yana nan.

Tunda an taɓo nan bari in faɗi abin da nake gani a kanti. Lokacin jarrabawa ɗaliban lafiya ne suka fi zuwa neman diazepam da Lexotan ba takarda, don sun san sunayen kuma sun san adadin. Da dare a sha Nescafe da lemon ƙarin kuzari da goro don kada a yi barci, da asuba a nemi ƙwayar da za ta kawo barcin. Sinadarin da ke cikin kofi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kuma shi kansa yana kawo bugun zuciya da rawar jiki, wato abin da ake gudu. Su kuma dangin diazepam suna hana ƙwaƙwalwa adana sabon abu, ka ga mai karatu ya sha maganin da ke goge karatun. In aka jera makonni ana sha jiki na sabawa, ranar da aka daina fargabar ta dawo fiye da da. Akwai masu haɗawa da taramol wai don ƙarfin zama, shi kuma yana iya kawo farfaɗiya. Mun ga yadda kodin ya yi da matasanmu kafin gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Sanin sunan magani bai kare kowa daga kamuwa ba.

Anas_Hostel_B
Na ji Malam. Amma a gaya mana abin da za mu yi a madadinsa, don kashedi kaɗai ba ya shiga da mutum ɗakin jarrabawa.

Abu_Rumaisa
Ni ina ganin an manta da wani ɓangare. Yara ne ƙanana ake shigar da su ɗakin gawarwaki suna yanka, ba azkar ba komai. A ajin ƙanwata wata ta faɗi a ɗakin, hannayenta suka ƙanƙame, tana cewa mutuwa za ta yi. Wannan ai sai ruƙiyya. Ba komai ne na asibiti ba.

Likitan_Kwakwalwa_KN
Malam Abu Rumaisa, abin da ka kwatanta mun san shi sarai, kuma zan bayyana yadda yake faruwa. Idan firgici ya taso, jiki na sakin sinadarin zaburarwa da ake kira adirenalin, mutum ya fara numfashi da sauri ba tare da ya lura ba. Saurin numfashin na fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, wannan kuma na rage sinadarin kalsiyam da jijiyoyi ke aiki da shi. Daga nan sai leɓe da yatsu su fara tsitstsira, hannu ya ƙanƙame, jiri ya zo, ƙirji ya ɗaure, mutum ya tabbatar mutuwa zai yi. Yawanci cikin minti goma yake kai ƙarshen ƙarfinsa sannan ya fara sauka. Ka haɗa da warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, da zafi, da cikin da ba a sa masa komai ba tun safe. Abin yi a fitar da ita inda iska take, a zauna da ita, a sa ta riƙa sakin numfashi a hankali ya fi shaƙa tsawo. Ban hana kowa karanta Ƙur'ani ba, ni ma ina yi. Abin da nake tsoro shi ne a ce wa yarinya aljani ne ya shafe ta, ta ƙara tsorata da ɗakin, ta daina zuwa, ta faɗi anatomi.

@Anas_Hostel_B madadin yana nan. Akwai maganin zama da tattaunawa da ake kira CBT, inda ake koya wa mutum kama tunanin "na riga na faɗi" ya auna shi da hujja, kuma ya riƙa tunkarar abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Ga mai tsoron jarrabawar baka, hakan na nufin abokai su zaunar da shi su yi masa tambayoyi da agogo, sau da yawa, har jiki ya saba. In abin ya yi nauyi akwai ƙwayoyi irin su sertraline, ba sa sa maye, amma sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, wani lokaci ma fargabar kan ɗan ƙaru a farkon sha. Shi ya sa ba a fara su ana gobe jarrabawa, kuma ba a fara su da ka.

Malam_Mai_Darasu
Ina son in gyara wani abu da ke yawo tsakanin ɗalibai, cewa mai yawan fargaba imaninsa ne ya yi rauni. Wannan maganar tana ƙara wa mai ciwo ciwo, ga tsoron jarrabawa ga kuma zargin kai. Addu'ar da Malama Ummu Hanif ta kawo, Manzon Allah (SAW) da kansa yake yin ta, kuma shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Malamanmu na farko ba su ɗauki wannan abin kunya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya ware babi kan tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauka ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki. Don haka 'yata Bintu ki yi azkar ɗinki, ki kuma je asibiti. Malam Abu Rumaisa, ruƙiyya halal ce, amma ba mu da hurumin yanke cewa shafar aljani ce alhali likita ya kawo bayani a fili.

Abu_Rumaisa
Na karɓi gyara a kan wannan Malam, amma ina nan kan bakana cewa a riƙa koya wa yara addu'a kafin shiga ɗakin.

Yar_Khartoum
Ku da kuka fara a gida kuka ci gaba a gida ku gode wa Allah. Ni a Sudan nake karatu lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Muna jin harbi daga ɗakin kwana, aka kwashe mu a motoci zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a can kafin a bar mu mu wuce. Na dawo ba cikakkun takardu, makarantar da ta karɓe ni ta mayar da ni baya. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi ko taya ta fashe sai in ji ƙafafuna sun saki. Waɗanda suka ƙarasa a waje kuma ga jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, tana jiransu kafin su samu lasisi. A cikin tawagarmu ban san wanda aka zaunar aka tambaye shi yadda yake ji ba, maganar gurbi da kuɗin makaranta kawai ake yi.

Mubarak_UD
Haka 'yan Yukiren suka sha a 2022. Akwai ɗan unguwarmu da ya dawo yana ajin ƙarshe, har yanzu bai daidaita ba.

Likitan_Kwakwalwa_KN
@Yar_Khartoum ƙanwata, naki ya ɗan bambanta da na Bintu. Firgita da ƙara bayan an tsira daga yaƙi, in ya haɗa da mafarkai ko gudun duk abin da ke tuna miki, yana da nasa maganin daban. Don Allah ki ga likita, kada ki haɗa shi da gajiyar karatu.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan tambayar mai tambaya, na ga ta biyun ba a taɓa ta ba.

Bintu_Aji3
Na gode ƙwarai, na karanta komai. Na cike takardar da Dakta ya ambata, makin ya wuce 10. Amma kamar yadda Admin ya ce, wa zan gani? In na je asibitin koyarwarmu, 'yan aji biyar da shida suna zaune a ɗakin likita suna koyon aiki, 'yan ajinmu na wucewa ta barandar. Fayil ɗina zai bi ta hannun mutanen da suka san fuskata. Nan da shekara biyu kuma wannan likitan zai yi min jarrabawa. Ga maganar aure, kun san yadda ake bincike a garinmu.

Likitan_Kwakwalwa_KN
Tsoronki na da tushe, kuma ba ke kaɗai ba ce. Wani babban nazari da mujallar JAMA ta buga a 2016 ya samu kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban likitanci da alamun ciwon damuwa, amma cikin waɗanda ke da alamun kusan kashi 16 ne kawai suka nemi magani. Suna kwana a cikin asibiti amma ba sa zuwa. Ga abin da zan ce. Kina da haƙƙin cewa ba kya son ɗalibai a ɗakin, kowane mara lafiya yana da shi. Sirrinki kuma doka ta kare shi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ba dole ne ki fara da sashenmu ba, likitan iyali ko na asibitin cikin makaranta zai iya auna jininki da tayirod ya fara duba ki. In kuma kin fi son inda ba a san ki ba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma Dawanau a Kano. Na san yadda ake tsokana da sunan Dawanau a gari, amma yawancin masu zuwa irin waɗannan wuraren ganin likita suke yi su koma gida a ranar, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da malamai.

Sadiq_Aji5
Dakta doka tana takarda, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A makarantarmu in mutum ɗaya ya gan ka a barandar nan, kafin magariba labari ya kai ɗakin kwanan ɗalibai. Kuma ɗalibar da ke shirin jarrabawa ina ta ga lokaci da kuɗin motar zuwa wani gari? Abin da ake buƙata mai ba da shawara ne wanda ba ya koyarwa, ba ya jarrabawa, ofishinsa kuma ba a cikin sashen ba. Ƙungiyoyin ɗalibai su sa wannan a gaba kamar yadda suke sa makon lafiya da liyafar yaye ɗalibai.

Dakta_Tsohon_Hannu
Har yanzu ina ganin mafi yawanku za ku warware da an gama jarrabawa, kuma ba na goyon bayan a sa kowa a kan ƙwaya. Amma tunda na daɗe ina zama a teburin jarrabawar baka, bari in ba ku abin da na sani. Mai jarrabawa ba ya neman wanda ya san komai, yana neman wanda ba zai kashe mara lafiya ba. In tambaya ta ɗaure maka, ka ce a maimaita, ka fara da abin da ka tabbatar, daga ma'ana zuwa rabe-rabe. In ba ka sani ba ka ce ban sani ba, za a sauya maka wata. Ƙirƙirar amsa ce ke kayar da mutum. Daren jarrabawa kuma a yi barci, a cikinsa ne karatun ke zama. Game da tambayarki ta biyu 'yata, likitan da ya duba ki yana iya janye kansa daga yi miki jarrabawa, kuma kina da damar roƙon haka. Na ga an yi.

Sista_Hajara
Abu ɗaya da ba a faɗa ba kuma dole a faɗa. In fargabar ta kai mutum ya fara jin gara ya mutu ya huta, ko ka ji abokin ɗakinka na irin wannan maganar, ko yana rabar da kayansa, wannan ba na jiran bayan jarrabawa ba ne. A kai shi sashen gaggawa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, musamman makon da ake kafe sakamako. Tambayarsa kai tsaye ba ta sa masa tunanin a rai.

Zee_Aji4
Tambaya ga Baba da Dakta. In likita ya ba mutum hutun mako biyu, ya za a yi da ƙa'idar halartar kashi 75 da ake nema kafin a bar ka ka zauna jarrabawa? A wajenmu an ce takardar asibiti ba ta cike rajista.

Mubarak_UD
A namu tana cikewa in ta bi ta ofishin shugaban tsangaya kafin jarrabawa, ba bayanta ba. Kuma in an ɗage maka zama saboda rashin lafiya ba a lissafa shi a matsayin faɗuwa. Amma makaranta ta bambanta, ki nemi kundin dokokin tsangayarku ki karanta da idonki. Akwai wanda ke da na makarantar su Zee ya turo mata?